Lalle a Ƙafa Ɗaya

Tun da muka dawo daga Maraɗi ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya kawo faci rumfata da ke bakin tashar Jibiya, kafin in kwance masa taya sai ya ce in ba shi labari. Na lura yawancinsu sun riga sun ji rabinsa wajen mai shayi, an ƙara masa gishiri. Wani har cewa ya yi ya ji an kulle ni a can. Ba a kulle ni ba, ko da yake da an yi hakan ba zan ce an zalunce ni ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi yadda ya faru, da ɗan karatuna na firamare, mai tambaya in miƙa masa ya karanta, ni kuma in ci gaba da aikina.

Sai na fara da faɗin halina, don in ba a san shi ba, ba za a gane sauran ba. Ni mutum ne da ba ya yi wa al'amura kyakkyawan zato. In hadari ya haɗu, ni ne mai cewa iska za ta watsa shi. In ruwan ya sauka, in ce zai ci gidajen mutane. Kowace magana da “anya kuwa” nake buɗe ta, har abokai suka laƙaba mini Sale Anya, kuma ina amsawa. Ina neman gafarar Allah a kan wannan, don mai yi wa gobe mugun zato bai san wa yake yi wa ba.

Yayata, Dije, ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. A Magama take zaune, tana suyar ƙosai da safe a bakin hanya. Tana da ciwon suga. Bayan girbi ta taka kututturen dawa da ƙafar hagu, ciwon ya ƙi warkewa, kuma duk wanda ya tambaye ta sai ta ce da sauƙi, har sai da ƙafar ta fara wari. Da muka kai ta asibiti aka ce mana in abin bai tsaya ba, sai dai a yanke daga ƙasan gwiwa. Wata maƙwabciyarta ta ba ta labarin wani asibiti a Maraɗi inda ake haƙuri da irin wannan ciwo. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata duk suna da goyo, don haka rakiya ta faɗo kaina. Na ce anya kuwa, abin da ya gagari namu shi ne zai yiwu a can? Ta ce ƙafar da ta yi shekara da shekaru tana kai ta kasuwa ba za ta sallame ta ba sai ta ji ta bakin likita na biyu.

Illa direba ne ya ɗauke mu. Bamaraɗe ne, yana jigila tsakanin garinsu da namu a wata tsohuwar fijo, kuma ni nake masa faci. Muka biya Magama muka ɗauki Yaya. Ya ba ta gidan gaba ita kaɗai don ta miƙe ƙafa, mu kuma muka matsu a baya da buhunan masara. A ɓangarenmu na iyaka jami'in da ya leƙo ya ga ƙafar a naɗe, ya ce Allah ya ba da lafiya, ya ɗaga mana hannu. A Ɗan Isa, ɓangaren Nijar, kowa sai ya sauka ya nuna katinsa. Jandarman da ke wurin ya hana Yaya saukowa, ya zo da kansa ya karɓi nata ta taga, sannan ya juyo gare ni ya ce, “Mushe, naka fa?”

Da muka tashi, Yaya ta waiwayo ta ce, “Auta, ni ce mai ruɓaɓɓar ƙafa, amma kai suka gane mushe.”

Motar ta kwashe da dariya. Ni kuwa na gyara zama na shiga yi mata bayani cewa mushe a bakinsu malam ne, kamiyo babbar mota, duwan kwastan, lakwal makaranta. Na ce ai ni duk wani Faransancin Nijar a tafin hannuna yake, shekara nawa ina hulɗa da direbobinsu. Gaskiyar magana, ban taɓa wuce kasuwar Ɗan Isa ba, kuma kalmomin nan da na lissafa su ne kusan duk jarina. A riƙe wannan cika bakin, don shi ya kai ni inda ya kai ni.

Ba mu yi nisa ba tayar baya ta fashe. Na ce shi ke nan, tafiyar da ta fara da haka ba ta da alamar alheri. Illa ya sauko yana murmushi, ya ce wa fasinjoji su taya shi godiya ga Allah, yau taya ta fashe masa da mai faci a cikin mota, wannan ai arziki ne. Wata tsohuwa ta ce ƙwarai, kuma ga inuwa kusa. Suka shimfiɗa zane a gindin wata bishiya suka fito da gyaɗa kamar masu yawon shan iska, ni ina ƙarƙashin mota ina gumi da tsaki. Da na ciro tayar na duba, sai na ga facina ne ya saki. A ranar ban gaya wa kowa ba. Illa, in takardar nan ta iso hannunka, ka yafe mini.

A zauren Illa na sauka. Matarsa ta aiko da fura mai kauri wadda sai da ludayi ya tsaya a cikinta, da kilishin da ban taɓa cin irinsa ba. Da safe aka kawo burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa ya kusa yaga mini dasashi. Na fara ƙorafi, Illa ya ce a shayi ake tsoma shi, ba kokawa ake da shi ba. Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne da rana ta take, gari sai ya yi tsit, masu shaguna su ja ƙofa su kwanta. Na ce wannan ai lalaci ne, mu a Jibiya wa ya isa ya rufe shago ciniki na wucewa? Illa ya ce cinikin da yake naka zai jira ka ka farka.

A asibiti aka ba Yaya gado a ɗakin mata. Babban likitan wani dattijo ne siriri, mai Hausar Damagaram, ba ya gaggawar magana. Ya ce za su riƙa wanke ciwon kullum, su daidaita sugan, su ga ko jini yana isa yatsu. In yatsun na da rai, ƙafa ta tsira. In sun mutu, babu makawa sai an yanke. Suka naɗe tafin ƙafar suka bar yatsun a waje. Ban tambayi dalili ba, ban kuma tambayi yadda ake gane yatsa mai rai da matacce ba.

Maza masu jinya ba sa zama a ɗakin sai lokacin ziyara. A gindin itatuwan bedi, wato dogon yaro, na harabar muke wuni. Nan na haɗu da Agali, wani Buzu daga wajen Agadas, mai jinyar matarsa. Kullum yana tsugune gaban ɗan gawayinsa yana dafa shayi a wata 'yar buta shuɗiya. Ranar farko da ya gaishe ni na ce lafiya lau, sannan na ɗora kamar yadda muka saba a majalisa: tsadar mai, rashin wuta, faɗuwar naira, da yadda mutanen ƙauyukan Farfaru ke barin gidajensu su kwana cikin gari saboda 'yan bindiga. Ya saurare ni har na ƙare. Da na tambaye shi nasa, ashe fari ya cinye masa raƙuma da awaki, yanzu gadin shago yake yi a garin da ba nasa ba, ga mata a kwance. Na ce to yaya ake ciki? Ya ce yau dai an sha shayi.

Na ɗauka ba'a yake yi. Da muka saba sai ya gaya mini cewa 'yan Najeriya suna ba shi mamaki. Duk wanda ya gamu da shi, ko mai yankan farce ne, zai ce maka baɗi war haka ya sayi mota, kuma da gaske yake, har ya zaɓi launinta. Ya ce mu muna cin gobe tun yau, su kuwa yau ɗin suke ci a hankali kada ta ƙare, kuma kowanne yana riƙe mutum. Sannan ya miƙo mini kofi ya ce, “Kai ne na farko da na gani daga ƙasarku wanda bai ci yau ba, bai ci gobe ba. To da mi kake rayuwa, Malam Sale?” Sai na ce shayin ya yi ɗaci.

A bakin ƙofar asibitin akwai wata mata 'yar Togo mai sayar da shinkafa da wake da wani dambun rogo mai tsami. Tana da waƙa a baki kullum, ko an saya ko ba a saya ba. Na taɓa tambayarta me take wa murna, ta ce a garinsu wanda ya tashi da safe ya ga ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya riga ya ci riba, sauran duk gyara ne. Na juya na koma ciki, don maganar ƙafa a lokacin ba ta yi mini daɗi ba.

Mai wanke wa Yaya ciwo wata nas ce, Madam Ramatu, Bazabarmiya daga Yamai, ba ta daɗe da zuwa Maraɗi ba. Hannunta da sanyi, amma Hausarta a karye take. Namiji ta ce masa ke, mace ta ce mata kai. Wata rana da la'asar, bayan ta gama naɗe ƙafar, na tambaye ta a gaban Yaya, ba tare da na duba fuskar marar lafiya ba, na ce anya kuwa ƙafar nan za ta yi? Ta dafa ƙwaurin Yaya, ta nuna yatsun, ta yi murmushi, ta faɗi wata magana har sau biyu. Abin da kunnena ya ji shi ne, “Sa wa lalle.”

Abin ya zauna mini daram. Tun muna yara tsofaffi na sa lalle ga ƙafa mai zafi da mai faso. Na ce ashe su ma sun san maganin gargajiya, shi ya sa suka bar yatsun a waje. Agali na jin ɗan Faransanci, Illa ma haka, amma mutumin da ya ce harshen a tafin hannunsa yake, ina zai je yana tambaya? Kuma in faɗi gaskiya, ban so in tambaya ba. Tun da aka fara ciwon nan, ranar ce na fara jin akwai abin da zan yi da hannuna wanda zai amfana. Ko anya ɗaya ban ce ba. Na tafi kasuwa da sauri na sayo garin lalle.

Gadon da ke kusa da na Yaya na wata Hajiya ce daga Tasawa, wadda aka sallama, tana jiran 'yan'uwanta su zo da sassafe. Ita ta kwaɓa mana, ta ƙara toka da wani gishiri da mata ke sawa don lalle ya kama ya yi baƙi. Ta tambaya me ya sa ƙafa ɗaya kawai, na ce mata magani ne, ba kwalliya ba. Ni da kaina na lafta shi a yatsun nan biyar har gindinsu, na ɗaure da leda. Yaya tana ta dariya, ta ce rabonta da lalle tun mijinta na da rai. Da gari ya waye Hajiya ta goge mata shi tas, aka zo aka tafi da ita.

Da hantsi aka aiko kirana daga gindin bedi. Wani matashin likita ne ya yi zagayen safe. Ya ɗaga mayafi ya ga yatsun ƙafa mai ciwo baƙi ƙirin, na ɗayar kuwa garau. Wa zai kawo lalle a ransa, alhali babu macen da ke ƙunshi a ƙafa ɗaya? Da Faransanci suka yi ta magana da mutanensa, Yaya tana kallonsu, ta ɗauka duba maganin suke ko an sa shi daidai. Suka ce kada ta ci komai. Ni kuma wani ma'aikaci ya ja ni gefe ya ce yatsun sun mutu tsakanin jiya da yau, abin yana gudu, za a shirya ta, da babban likita ya fito ya duba sai a shiga da ita, ana neman amincewata.

Nan ne laifina mafi girma, ya fi na lallen. Ban ce a nuna mini ba. Ban ce yaya aka gane ba. Cewa na yi dama na sani, na kuma ce na amince. Mugun labari ya same ni a shirye, kamar baƙon da na daɗe ina yi wa shimfiɗa. Na je na gaya wa Yaya. Ta ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri, amma ita dai ba ta ji a jikinta ƙafar nan ta yi mata sallama ba.

Allah ya sa Madam Ramatu ce aka turo ta shirya ƙafar. Ta ɗaga mayafin ta tsaya. Ta sunkuya ta shinshina, ta kankare farcen babban yatsa da ɗan ƙarfe, ta ga ja. Ta ɗago ta ce, “Wa ya sa lalle nan?”

Na ce, “Ni ne, Madam. Ai ke kika ce a sa.”

Aka kira ma'aikacin nan ya shiga tsakani, ya sa na maimaita abin da na ji, ita ma ta maimaita abin da ta faɗa. Ashe “sa ba ale” ta ce, wato da Faransanci komai zai yi daidai. Magana ce da ba ta barin bakinsu. Ita suke gaya wa mai ciwo, da wanda ya yi hasara, da wanda mota ta tafi ta bari. Fatan alheri ta yi mini, ni kuma da ban saba da shi ba na kasa gane shi, na tafi kasuwa neman abin da zan saya.

Ɗakin ya ɗauki dariya, har masu ƙarin ruwa a hannu. Madam ta riƙe ƙarfen gado tana share hawaye. Babban likita da ya zo bai yi dariya ba. Ya ce launin yatsun nan shi ne tagar da yake leƙawa ya ga halin da ƙafar ke ciki, ni kuma na zo na shafe tagar da baƙin fenti. Bayan haka ruwan toka ya jiƙa gefen bandeji, bai san abin da ya yi wa ciwon ba. Ya ɗauki allura ya tsikari yatsun ɗaya bayan ɗaya. Huɗu suka fitar da jini, ƙaramin bai fitar ba. Na tambaye shi ko ni na kashe shi. Ya ce mai yiwuwa dama yana kan hanya, mai yiwuwa kuma na taimaka masa, ba zai yi mini ƙarya don in ji daɗi ba. Maganar ƙafa kuwa, ya ce sai an jira an gani.

Kwanakin jiran nan ban taɓa ganin masu tsawonsu ba. Labari ya bazu, daga mai shara har mai gadi kowa Mushe Lalle yake kirana. Masu jinya suka mai da abin gaisuwa, in wani ya ce yaya mai jiki, sai a amsa masa da sa wa lalle. Agali bai taɓa tayar mini da maganar ba, shayi kawai yake miƙo mini, in lokacin salla ya yi ya taɓa kafaɗata. Na je na durƙusa gaban gadon Yaya na nemi gafara, na lallen da na saurin amincewa.

Ta ce, “Tashi, Auta. Tun da na goye ka ban taɓa ganin ka yarda da abu ba sai ranar nan. Ka dawo daga kasuwa kana sauri kamar ango. Ba zan yi maka faɗa ba, kada ka ce daga yau ka daina.”

A ƙarshe ƙaramin yatsan kaɗai aka cire. Ciwon tafin ƙafar ya fara cikowa da jan nama mai kyau, warin ya ɗauke. Ranar da babban likitan ya ce ƙafa ta tsira, na fita bayan ɗakin na yi sujada a kan yashi, na daɗe ban ɗago ba. Ya kafa mata sharaɗi: ta kiyaye abinci, ta riƙa duba ƙafarta kullum, kuma kada ta sake taka ƙasa ba takalmi, ko tsakar gida ne, takalmin ma rufaffe mai taushi.

Ina godiya ga Allah, sannan ga Illa da iyalinsa da suka ciyar da ni ba su taɓa nuna gajiya ba, da Madam Ramatu da hancinta, da likitan da ya ƙi yi mini ƙarya. Agali mun baro shi can, matarsa ba ta tashi ba tukuna, kuma ban san yadda suka ƙare ba. Wanda ya karanta wannan ya sa su a addu'a. Masu tambayata ko na canza hali, ba zan cika baki ba, na ga inda cika baki ke kai mutum. Anya tana zuwa mini har yanzu, sai dai yanzu nakan riƙe ta a baki in tauna kafin in fitar, wani lokaci kuma in haɗiye.

Ranar da za mu taho, Illa ya tsaya da mu a babbar kasuwa don sayen takalmin. Yaya ta ƙi zama a mota. Ta dafa kafaɗata, tana ɗingishi, muka shiga rumfar wani dattijo. Ya sa ta zauna a benci, ya fito da wani baƙi mai taushi, ya durƙusa ya sa mata na dama, sannan ya sa na hagu a hankali bisa bandeji. Ta miƙe ta taka, ta sake takawa. Ya faɗi kuɗinsa.

Yaya ta ce, “Haba Alhaji, wannan ai kuɗin yatsu goma ne. Tara gare ni, a rage mani na ɗaya.”

Dattijon ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya rage. Na biya, ban taya ba. Ya ɗauko leda zai naɗe su, ta ce ya bar ledarsa, a ƙafa za ta tafi da su, duka biyun.